Shekarar da Taubashina Ya Koyi Gaisuwa

Tun muna yara a Damagaram taubashina bai taɓa kirana da sunana ba. Uwata ƙanwar ubansa ce, wato shi ɗan namiji, ni ɗan mace, kuma a wurinmu ɗan mace bawa ne ko da ya riga ubangidan nasa ganin duniya. Na girme shi, na fi shi tsawo, na fi shi tumbi, kyau kuwa ba a ma haɗa mu, amma in ya hango ni daga ƙarshen titi sai ya nuna ni da baki ya ce wa mutane ga bawansa can tafe. Ni kuma in ce sannu ubangidan da bai mallaki ko kaza ba. Taubashi zai zage ka a gaban surukanka, ya tsame naman da ka ɓoye a ƙarƙashin tuwo, ya cire maka hula ya tafi da ita masallaci, kuma ba ka da ikon yin fushi. Abu ɗaya ne kawai ba ya yi maka, shi ne gaisuwar mutunci. Wannan ta baƙi ce.

Haka muka tashi, haka muka yi aure, haka muka biyo juna zuwa Faransa. A shekarun casa'in muna zaune a bene ɗaya a Beaudottes, cikin Sevran, shi can sama ni ƙasa-ƙasa, yana cewa Allah ne ya tsara haka don bawa ya san matsayinsa. Duk ranar da asansar, na'urar hawa bene, ta mutu, wato kusan kullum, nakan tsaya a ƙofata in jira shi ya zo wucewa a matakala yana haki da buhun shinkafa, in tambaye shi yaya sarauta. Shi shofer ne, direban wani babba a ofishin jakadanci, kullum cikin kwat da karabat a wuya. Ni kamiyon kayan miya nake tuƙawa, ina zagaya gidajen abinci na Paris, ina warin albasa.

Abin haushi, wasan da ya shiga tsakaninmu ba ma namu ba ne. Da kokawa ce da sai a ce an yi faɗa a kan abin gado. Bezbol ne. Wani malamin motsa jiki na lakwal, wato makarantar unguwa, ne ya kawo shi, ya tara matasa da magidanta biyu-uku, aka ba su kusurwar wani fili da masu rugbi suka gama yi wa kaca-kaca. Mutum ɗaya zai hau ɗan tudu ya jefo ƙwallo mai taurin goruba, wani yana tsaye da kulki yana jiran ya maka mata, wani kuma ya tsuguna a bayansa da safar fata mai faɗin faifai yana cafkewa. In mai jifa ya saita ƙwallo sau uku mai kulki bai same ta ba, mai kulki ya fita. In ya jefa ta a karkace sau huɗu, mai kulki ya wuce tasha ta farko kyauta, ba gumi. Sauran dokokin sun fi takardun neman izinin zama yawa, har yau ban gama saninsu ba, amma wannan bai hana ni zama gwani nan da nan ba.

Babban ɗan taubashina ne ya ja mu can. Dogo ne, haifaffen nan, ya kusa ashirin, Hausarsa rabi Faransanci ce, mai kunya sai in ya hau tudu. Ni na ce hannun kakanmu ya gado, wanda ke korar tsuntsaye daga gonar gero da hoge. Ubansa ya ce bawa ba shi da kaka. Duk Lahadi muna bakin fili da tarmus ɗin shayi, mu da wasu iyaye da karen wani.

Ranar Lahadi wasa biyu ake yi, ɗaya da safe ɗaya bayan azahar, masu jifa kuma uku ne a ekip ɗin, wato ƙungiyarmu. Wanda koci ya ba wasan safe shi ne ango. Na bayan azahar abokin ango ne. Na uku yana kan benci yana jiran wani ya gaji, shi ne mai wanke tukwanen biki. A kan wannan jeri muka shekara biyu muna cin naman juna.

Akwai wani mai gyaran famfo ɗan asalin Fotugal, da furfura a gemu, wanda ƙwallonsa ke tafiya kamar tsohuwa za ta barka, tana tsayawa gaisawa a hanya, amma inda aka aike ta nan take zuwa. Ni ɗan goyon bayansa ne. Akwai wani mai raba wasiƙu ɗan Martinik, ba yabo ba fallasa. Sai yaronmu. Shi in ya saki ƙwallo sai ka ji iska ta yi ƙara kamar an yage sabon yadi. Matsalar ita ce ƙwallon ba ta san inda za ta ba, shi ma bai sani ba, mai tsuguno kuwa sai addu'a. Na ga ranar da ya jefa a Sevran aka tsinto ta can garin Stains. Tattabarun unguwa sun canza hanya. Alƙalin wasa in ya ji shi ne zai hau tudu sai ya koma gida ya yi bankwana da iyalinsa.

Koci ya ba mai famfo safe, mai wasiƙu rana, yaronmu benci, sai in mai wasiƙu yana aiki a ba shi rana. Taubashina ya ce zalunci ne, an ɗaure doki ana sukuwa da jaki. Na ce dokin da ba shi da linzami a ɗaure ake barinsa. Ba a ɓoye nake faɗa ba. Duk lokacin da yaron ya ba mutum biyu tasha kyauta a jere, nakan miƙe in kira koci da Faransanci, don kada ya ce bai ji ba, in ce ya sauko da shi kafin a kira pompiye, 'yan kwana-kwana, su kwashi masu rauni. Ubansa ya jefe ni da ɓawon gyaɗa, ya ce wa jama'a a yi haƙuri da bawansa, ba a gama horar da shi ba. Mu koma gida muna zagin juna, mu ci tuwo a kwano ɗaya.

Da sanyi ya shigo ake rufe wasa. A nan gardama ke yin ƙiba, don babu ƙwallon da za ta ƙaryata kowa. Duk Asabar bayan la'asar muna haɗuwa a Saint-Denis, a ɗakin baya na shagon wani dattijo mutumin Tawa, mai sayar da gero da kuka da busasshiyar kuɓewa. Yawancin masu zuwa ba su taɓa taka fili ba, amma mun cika musu kunne har kowa ya zaɓi ɓangare. Har da wani Bakano ma'aikacin ofis, wanda ya taɓa zama a Amurka, saboda haka ya naɗa kansa muftin bezbol.

A wani sanyi ne labari ya zo cewa yaronmu zai koma Lyon, can nesa wajen kudu, koyon aikin lantarki, wata ekip ta can ta ɗauke shi. Su kuma wani mai jifansu bahago, wanda aikin jirgin ƙasa ya dawo da shi Paris, zai zo mana. Kocin nan da na can sun yi magana ta tarho sun daidaita. Ba ciniki aka yi ba, amma a ɗakin baya sai aka ce musaya, aka zauna mata kamar an sayar da rijiyar gari.

Ɓangaren taubashina suka ce an yi asara, an ba da hannun da babu irinsa a duk arewacin Paris, da koci ya ba shi safe ko na wata ɗaya ne da ya nutsu. Bakano ya ce a Amurka bahago zinariya ne, ya zube wasu kalmomin Ingilishi a tsakiyar ɗaki, ba wanda ya ɗauka. Wani ya ce a ba bahago safe a mayar da mai famfo rana. Na ce wanda ya taɓa mai famfo ya taɓa ni. Ya ce mai famfo ya tsufa, ƙwallonsa har tsuntsu na iya sauka a kanta ya huta. Dattijo mai shago yana ta zuba shayi yana cewa a yi a hankali da buhun gari.

Taubashina bai ce komai ba tun da aka fara, abin da ban taɓa gani ba. Shirun ya dame ni, sai na ce bari in tsokano shi.

"Ku daina wahalar da kanku," na ce. "Mun ba da akuya mai fasa tukwane, an ba mu saniyar tatsa. Wanda ya ce an cuce mu a kai shi likita. Mutanen Lyon ne abin tausayi, a aika musu su sayi hulunan kwano."

Aka yi dariya har Bakano ya ƙware. Na jira a kira ni bawa, ba a kira ba. Taubashina ya ajiye kofinsa a hankali, ya yi magana ba tare da ya dube ni ba. Ya ce wuri biyu yaron ya samu na koyon aiki, ɗaya a Stains, bas ɗaya daga ƙofar gida, ɗaya a Lyon. Ya zaɓi Lyon ne don can sun yi masa alkawarin wasan safe. Kafin ya zaɓa ya je wurin kocinmu ya roƙa a gwada shi, koci ya ce masa ko tonton ɗinsa, wato ni baffansa, da ya san shi tun yana zanen goyo ya shaida ba ya saiti. Ya ce tun da aka sa ranar tafiya uwar yaron ba ta ƙara cin abincin kirki ba.

"To ai gaskiya koci ya faɗa," na ce. "Ba ya saiti."

Har gobe ina nan a kan wannan magana, ko a gaban alƙali zan maimaita. Amma taubashina ya tashi, ya ɗauraye kofinsa da kansa, ya bi mutanen ɗakin ɗaya bayan ɗaya yana sallama. Da ya zo kaina ya miƙo mini hannu biyu ya ce, "Malam, a huta gajiya. A gaida gida."

An zage ni da Hausa, an zage ni da Faransanci, 'yan tasi na Paris sun zage ni da harsunan da ban san sunansu ba, amma ban taɓa jin zagi mai zafin wannan ba.

Washegari na same shi a bakin asansar, na ce ubangida an tashi da rai? Ya ɗan rusuna ya ce Malam ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya sanyi, yaya aiki, yaya haƙuri da zaman ƙasar mutane. Bai tsallake ko ɗaya ba. Ya riƙe mini ƙofa na shiga. Mutumin da ya zuba mini barkono a wando ranar ɗaurin aurena.

Na gwada duk abin da na sani. Na hau gidansa lokacin cin abinci na janye kwanon gabansa, ya kira Hajiya matarsa ta ƙaro wa baƙo miya. Baƙo. Ranar Juma'a a ƙofar masallaci na cire masa hula, wata mai aikin hannu da ya fi so, na ɗora a kaina. Ya dube ta ya ce ta yi mini kyau, in riƙe, ya ba ni duniya da lahira. Na koma gida da hular kamar na ɗauko gawa.

Abin da ya fi ba ni haushi yaranmu ne haifaffun nan. Su da suka tashi suna toshe kunne in mun haɗu, sai ga su suna murna. Ɗiyata ta ce, "Papa, yanzu kai da tonton kun zama manya, c'est bien." Gida na cin wuta suna yaba haske. Manyan da suka gane kuwa ba wanda ya motsa. Na je wurin dattijo mai shago na ce ya sa baki. Ya ce shi tun da yake bai taɓa jin an shiga tsakanin taubasai ba, in ya zaunar da mu don sulhu ai ya shaida wa duniya mun zama bare. Matata ta ce in hau in ba shi haƙuri kawai. Na ce ta yi tunani, in na ce masa yi haƙuri, shi kuma ya ce ba komai Malam, to an rufe ƙofa an jefa makulli a rijiya. Wanda ke da ikon yin fushi da kai shi ake ba haƙuri. In na ba shi, na sa hannu ke nan cewa ya tashi daga taubashina.

Sai ni ma zuciya ta ɗebe ni, na ce in ladabi yake so zai ga ladabi. Ya ce Malam, na ce Alhaji, alhali ko hanyar Makka bai taɓa kallo ba. Ya rusuna, na durƙusa. Wata rana muka tsaya a ƙofar asansar kowa na cewa ɗan'uwansa ya fara shiga, har wata maƙwabciya mai keken jariri ta zage mu duka ta wuce. A ɗakin baya gardamar jeri ba ta mutu ba, kaya kawai ta canza. Yakan ce, da izinin Malam, shi a ɗan guntun saninsa kocin da ya kori matashi ya riƙe tsoho ba zai ga alheri ba. In ce Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya, tsohon da ke kai saƙo ya fi matashin da ke fasa gilashin mutane. Kowace kalma da wuƙa a hannun riga. Mutane suka fara janye jiki, suka ce shayin ɗakin ya koma ɗaci. Da azumi ya zo ya aiko mini kunu a kwano mai murfi, kamar yadda ake aika wa liman, shi da a da yake saukowa ya shanye nawa. Ranar salla ya zo barka, ya zauna a bakin kujera, ya ƙi cire kwat. Bayan ya fita na shiga ban-ɗaki na daɗe, na ce wa matata albasar kamiyo ce ta biyo ni.

Da sanyi ya wuce aka buɗe wasa. Bahagon da na kira saniyar tatsa ya zo, ashe saniyar ba ta da nono sosai, amma wannan wata magana ce. Sai aka shirya wata gasa ta ƙarshen mako a Lyon aka gayyace mu, wasan safe na Lahadi ya faɗa tsakaninmu da ekip ɗin yaron. Ni aka ba tuƙin ƙaramar bas ɗin 'yan wasa. Na aika a gaya wa Alhaji akwai kujera a gaba. Ya aiko da godiya mai yawa, ya ce ba zai takura wa Malam ba, ya bi jirgin ƙasa shi da Hajiya.

Filin yana bayan gari, kusa da wasu masana'antu, iska na kaɗowa daga kogi. Ba shi da katanga, igiya kawai aka ja tsakanin 'yan kallo da 'yan wasa. Na hango taubashina a ɗaya gefen da hular ekip ɗin Lyon a kan kwat, Hajiya na kusa da shi da kwanon dambun da ta yi wa ɗanta. Ya tsallako musamman ya gaishe ni, ya tambayi gajiyar hanya, ya koma.

Yaron ya hau tudu, ya ƙara faɗin kafaɗa. Matata ta ja mini kunne tun daga gida in rufe bakina, ni ma na yi niyya. Na tsaya kusa da tasha ta farko, na harɗe hannu, na yi shiru kamar a wurin gaisuwar mutuwa. Ya fitar da mutum biyu namu, na tafa masa a hankali irin tafin Turawa. Ya ba ɗaya tasha kyauta, ban ce uffan ba. Da aka yi canji, ekip ɗinsu ta karɓi kulki, ya biyo ta gabana yana goge gumi, ya dube ni ya ce, "Tonton, ça va? Ba ka da lafiya?" Na ce lafiya lau. Ya ce shi tun ɗazu yake jiran ya ji an kira pompiye, shirun nan rikita shi yake yi. Ashe ladabin nan cuta ce mai yaɗuwa, har na fara shafa wa yaron.

Da ya koma tudu na saki maƙogwaro. Na ce wa mutanen Lyon da Faransanci su kwashe 'ya'yansu da karnukansu. Na ce wa mai kulkinmu kada ya wahalar da kansa, ya tsaya kawai za a ba shi tasha sadaka. Na koma Hausa na ce ɗan ubangida, ba tsuntsun gero kake kora ba, ga mutum can a tsugune shi ake jefa wa. Muryata ta kai tsakiyar gari, an ce masu cin abinci a bakin kogi sun ajiye cokula. Ina yi ina satar kallon ɗaya gefen. Taubashina na tsaye ƙiƙam, fuska kamar an ɗaure ta da igiya, Hajiya ta rufe baki da mayafi.

Wani ɗan wasanmu yana tasha ta farko, ya ɗan matsa gaba yana shirin satar gudu zuwa ta biyu. A dokar wasan mai jifa na iya juyowa ba zato ya jefa wa mai tsaron tashar don a kama ɓarawo. Yaron ya juyo ya saki. Mai tsaron tasha ya yi tsalle, ƙwallo ta bi ta gefen safarsa ta tsallake igiya. Ni kuwa a lokacin na ɗaga hannu biyu sama, baki buɗe, ina tsakiyar bayani a kan hulunan kwano. A tumbi ta same ni, daidai cibiya.

Na sha faɗuwa a duniya, amma ban taɓa isa ƙasa da sauri irin na ranar ba. Numfashi ya tafi Damagaram ya bar ni a Lyon. Na ga taurari da rana tsaka, na ga kakanmu da hogensa. Aka tsayar da wasa, mutane suka taru, wata mata na cewa a kira pompiye da gaske, yaron ya rugo yana ta pardon tonton. Hular nan mai aikin hannu, wadda na sa ranar da gangan, ta gangara cikin ciyawa.

Sai na ga takalma masu ƙyalli a gaban hancina. Taubashina ya sunkuyo ya buɗe baki zai ce sannu Malam, kalmar ta maƙale. Ya juya baya, kafaɗunsa na girgiza, ya juyo dariya ta sa shi hawaye, ya nuna ni da yatsa a gaban Turawan Lyon.

"Kai bawan banza," ya ce. "Shekara biyu kana cewa ba ya saiti. To wannan mene ne? Duk faɗin filin nan ya bar kowa ya nemo ka."

Na so in ce tasha ya nufa ba ni ba, wanda shi ne ainihin maganata, amma babu iskar faɗa. Ya ce wa jama'a kada a kira kowa, bawansa ne, ya san shi, yunwa ce kawai. Ya duƙa ya ɗauki hularsa ya kaɗe, ya cire ta Lyon ya kifa mini a fuska, ya ce kyautar da ya yi ta tashi, don dukiyar bawa ta ubangidansa ce.

Mun sha kashi a wasan. Mai famfo ma ranar sun kirɓa shi kamar fura, amma iska ce, ba laifinsa ba ne.

Da yamma Hajiya ta ce za ta ƙara kwana wurin ɗanta. Taubashina bai tambayi kowa ba, ya buɗe ƙofar gaba ta bas ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya zaro kilishin da na ɓoye a ƙarƙashin kujera. Daga Lyon har Paris bai bar komai nawa ba: tuƙina, warin albasata, mai famfona, da kwanciyar da na yi a ciyawa, wadda ya yi ta kwaikwaya har ya kusa bugun kansa da gilashi. Na rama daidai ƙarfin cikina, don in na yi dariya cibiya na amsawa. Matasan da ke baya suka ce wa juna abin tausayi, ga shi sun koma faɗa, da har sun shirya.

Wajen rabin hanya, bayan mun tsaya shan mai, ya juya yana kallon gonaki ta taga. Sai ya ce, ba da muryar wasa ba, ba kuma da muryar Malam ba, "Ɗakinsa fa har yanzu uwarsa na share shi kullum." Ban ba shi haƙuri ba. Na miƙa masa sauran kilishin. Ya karɓa ya ce dama nasa ne.

Yaron bai dawo Sevran ba. Ya gama koyon aiki, ya yi aure a can, ya daina jifa da kafaɗa ta fara ciwo. Har yanzu in an taru taubashina yakan nuna ni ya ce ga bawan da ya kore masa ɗa da baki. Mutane su yi dariya, ni ma in yi. Wani lokaci nakan dubi idonsa in ga ko duk maganar wasa ce, ba na iya rabewa, ba na kuma tambaya. Sai in ce masa da mutanen Lyon sun nemi shawarata sun ajiye shi a benci, da cibiyata tana nan yadda Allah ya yi ta.